Jan Zaren Da Na Ɗaura Wa Isuhu

Ajiye wannan jawwal ɗin, wayar nan taka, tukuna, Fahad. Na gani, wallahi na gani. Sau uku ke nan kana tura mini shi a fuska: wani ƙato ya kwantar da mutum a gado, ya kama kansa kamar mai zaɓen kankana, ya murɗa, wuya ya ce ƙaras, jama'a suna ta zuba yabo a ƙasa. Kai da abokan nan naka kun zo in koya muku, wai sati biyu ya ishe ku, tunda Kawu Sale ya shekara arba'in yana yi. To ku gyara zama. Ba zan koya muku ba. Ko ina so ma ba ni da iko, na sa hannu a takardar hukuma cewa ba zan ƙara taɓa jikin kowa ba. Abin da zan iya ba ku shi ne labarin yadda aka yi na sa hannun, kuma duk a kan wani jan zare ne da bai wuce taƙi ɗaya ba. Inda Hausar ta fi ƙarfinku ku tsayar da ni. Na san ku, kunne yana ji, baki ne ya ƙi.

Sana'ata ɗori, abin da mutanen garin nan suke kira mujabbir. A nan Jidda aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Kakanmu ne ya taho aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina, bai koma ba. Ubana dako yake yi a tashar jirgin ruwa. Ranar da buhun shinkafa ya zame ya goce masa kafaɗa, ni na raka shi wurin Baba Garba Maɗori a Bagdadiyya, ina da shekara goma sha biyar. Baba Garba bai ko miƙe tsaye ba. Ya kwantar da ubana a tabarma, ya tuɓe takalmi, ya sa dunduniyarsa a hammatarsa, yana yi masa hirar tsadar gawayi yana jan hannun a hankali. Can sai na ji wata 'yar ƙara daga ciki, ubana ya saki numfashi ya ce alhamdulillahi. Ni ma irin tunaninku na yi, na ce ashe abin ba wuya. Washegari na koma na ce a koya mini.

Ya ce to. Ya ɗauko tukunyar ƙasa ya fasa ta a gabana, ya zuba gutsattsarin cikin buhun dusa, ya ɗaure bakin buhun. Ya ce, “Haɗa mini ita ta bayan buhu. In ka buɗe, ka koma gidanku.”

Wata biyar ina lalube a buhun nan. Yatsuna suka kumbura, yaran unguwa suka raɗa mini suna Mai Buhu. Daga tukunya aka koma ƙafar akuya da muke karɓowa wurin mahauta, ya karya, in haɗa ido rufe. Sai da na shekara uku kafin ya bar ni na taɓa ɗan yatsan mutum mai rai. Wuya kuwa, shekara bakwai ban ko kusance shi ba. Ku kuma sati biyu. Haba, ya shabab!

Kayan aikinmu ba su cika jaka ɗaya ba. Tsinken reshen dabino muke feƙewa mu yi karan ɗori, don a nan babu karan dawa irin na gida. Tsofaffin haramai da alhazai suke bari mu wanke mu yayyaga, su ne bandejinmu, kuma har yau ban ga ƙyallen da ya fi su riƙe ɗori ba. Man kaɗe alhazai ne suke kawo mana tsaraba duk shekara, in ya ƙare mu koma man zaitun. Sai kofin ruwa, sai tabarma mai baki miƙaƙƙe, sai kujera ɗaya a bakin ƙofa inda haske yake faɗowa. Na ƙarshe wani gwangwanin alewa ne da ƙullin jan zare a ciki. Waɗannan huɗun na ƙarshe ba a gyara ƙashi da su. Da su ake gane wanda ba za a taɓa ba, kuma Baba Garba ya ce nan ne sana'ar take, sauran duk ƙarfin hannu ne.

Ga yadda ake yi. Duk wanda ya zo da ciwon wuya ko ciwon ƙeya, kafin ka ce masa zauna, sai ka miƙa masa kofin ruwa kamar na baƙunta. Kana kallon maƙogwaronsa. In ya ƙware, ko ruwan ya bi gefen bakinsa, ka riƙe ɗaya. Sai ka ce masa ya tako ta bakin tabarma ya zo wurinka. In ya karkace gefe guda kamar iska tana tura shi, ka riƙe biyu. Sai ka zaunar da shi a kujerar bakin ƙofa ka dubi idanunsa. In fatar ido ɗaya ta sauko, ko baƙin idon ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta, halas, magana ta ƙare. Ciwon ba a ƙashi yake ba, a jijiyar da take kai jini kai yake. Wannan wuyan in ka murɗa shi, ko mutum ya mutu a hannunka, ko rabin jikinsa ya tafi. Ko alama ɗaya ka gani, ka janye hannunka.

To amma mara lafiya ba ya jin a'a. In ka kore shi nan, gobe yana wurin wani maɗorin, kuma ba zai ce an kore shi ba. Shi ya sa tsofaffinmu suka yi wata yarjejeniya tun kafin a haife ni. Wanda duk aka ƙi taɓa wuyansa, sai a ɗaura masa jan zare a wuyan hannun hagu, ƙulli uku. Duk maɗorin da ya ga zaren ya san wani ya riga shi dubawa, ya san ba a taɓa wuyan nan. Ba mu Hausawa kaɗai ba ne. Akwai wani Bayamane a Bab Sharif, akwai wani dattijo Babarbare a Karantina, akwai wani Babukhare a Makka, akwai Inna Hajo da take duba mata. Duk sun san zaren. Sharaɗin kuwa ɗaya ne, ba a gaya wa mai ciwo ma'anarsa. Baba Garba ya ce in ka gaya masa, ɗayan biyu ne: ko tsoro ya kwantar da shi tun kafin ciwon, ko ya tsinke zaren ya je ya yi wa na gaba ƙarya. Abin da ake ce masa kawai shi ne ya tafi asibiti, kuma kada ya cire zaren sai likita ya gan shi.

Na ga amfanin zaren da idona. Wani lokacin hajji, bayan Baba Garba ya rasu na buɗe ɗakina a nan Bani Malik bayan shagon masu faci, wani attajiri mai sayar da darduma ya shigo da mutane biyu suna riƙe da shi. Ya ce kansa zai tsage, in murɗa masa wuya ya huta. Yana ɗaga hannu zai nuna mini wurin, na hango jan zare ƙarƙashin agogonsa, ƙulli uku, irin ƙullin Bayamanen nan. Na ce ba zan taɓa ba. Babu zagin da bai yi mini ba, har da bawa ya kira ni. Mutanensa suka gaji suka kai shi asibiti. Bayan wata biyu ya dawo da ƙafarsa, da tabon aiki a wuya, ya rungume ni a gaban masu faci yana kuka. Ni da Bayamanen ba mu taɓa yin maganar ba ko sau ɗaya, don babu abin da za a ce.

Masu zuwa wurina yawanci ba irin wannan attajirin ba ne. Leburori ne, da direbobi, da matan da suke tallar goro da turare a bakin masallaci, da waɗanda suka zo umra suka maƙale ba iƙama, takardar izinin zama. Irin waɗannan ko ƙashi ya fito waje ba su yarda su doshi ƙofar asibiti, don a can takarda ake fara tambaya. Na ɗora hannun mai wankin mota, na mayar da muƙamuƙin wata tsohuwa da ya goce garin hamma, na gyara kwankwason masu ɗaukar tukunyar gas zuwa hawa na huɗu ba adadi. Ban ce ban taɓa kuskure ba. Akwai gwiwar hannu guda da na ɗora ta warke a karkace, mai ita har ya bar garin nan ba ya gaishe ni. Amma ban taɓa kashe wuya ba.

Sannan masu kairo suka zo, waɗannan na cikin jawwal ɗinka. Kairofraktik suke kiran abin. Suka buɗe wurare a Safa, da gilashi da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da gado mai faɗuwa da kansa, da shahada, takardar shaidar karatu, a jikin bango daga ƙasashen waje. Ni ban ƙi su ba, wallahi. Wasunsu hannunsu yana da kyau, na gani a jikin mutanen da suka je. Rigima ce ta tashi tsakaninsu da likitocin asibiti. Likitoci suka ce wannan ba ilimi ba ne, kuma murɗa wuya ganganci ne ko wa ya yi shi. Masu kairo suka ce mu da karatunmu da tarkhis ɗinmu, wato lasisi. Hukuma tana tsakiya, yau ta saurari wannan, gobe wancan. Mu kuma babu wanda ya kira mu, amma da mu ake zagin juna. Likita ya ce wa mai kairo kai ai mujabbir ne da ya sa farar riga. Mai kairo ya ce wa hukuma ku rufe mujabbirai tukuna, su ne suke ɓata mana suna. Ni ina Bani Malik ina feƙe tsinken dabino, ina ganin abin bai shafe ni ba.

A shekarar da komai ya lalace, wata ranar Talata bayan la'asar, Isuhu ya shigo. Mutumin Damagaram ne, direban wani gida a Safa, yana da iƙamarsa, yana da mata da 'ya'ya huɗu a can gida. Na san shi, na taɓa gyara masa targaɗe. Ya shigo yana riƙe da ƙeya.

“Baba Sale, kwana uku ke nan. Firiji muka hau da shi bene, na ɗaga kai ina turawa, tun daga nan ƙeyata take sara. Ɗan murɗa mini ita in tafi, zan ɗauko yara daga darasi.”

Na miƙa masa ruwa. Kurɓi biyu ya ƙware, har hawaye. Na ce ya tako ta bakin tabarma. Taku huɗu ya bar tabarmar ya nufi bango ta hagu, ya yi dariya ya ce rashin barci ne. Na zaunar da shi a bakin ƙofa. Fatar idonsa na hagu ta sauko, baƙin idon ya tsuke kamar ƙwayar gero. Duk shekarun nan ban taɓa ganin ukun sun haɗu a jikin mutum ɗaya ba. Ko yatsa ban ɗora a wuyansa ba. Na jawo gwangwani na yanki zare, na ɗaura masa a hagu, ƙulli uku.

“Isuhu, ka tafi asibiti yau ɗin nan. Kada ka cire zaren nan sai likita ya gan ka.”

“Lokotoro kuma, Baba? In kafilina, maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya ji ina zuwa asibiti sai ya ce na zama gwanjo, ya ɗauko wani.”

“Ka dai je.”

“To, madalla. Allah ya saka.” Ya shafa zaren, ya sumbace shi, ya fita.

Na ga sumbar nan da idona, ban kawo komai a raina ba. Na wanke kofi na kira na gaba.

Abin da ya faru bayan nan daga baya na ji shi. Isuhu bai je asibiti ba. Washegari kafilinsa ya ga yana tuƙi yana yamutsa fuska. Mutumin kirki ne, ba irin yadda Isuhu yake tsoro ba. Ya ce yalla, mu je inda ake gyara mini nawa bayan. Ya kai shi wani wurin kairo a Safa da motarsa. Aka miƙa wa Isuhu takarda da Larabci da Turanci, shi kuwa ba ya karanta ko ɗaya, ma'aikaciyar ta nuna masa inda zai sa hannu ya sa. Mai kairon ya ga zaren ya tambaya. Isuhu ya ce magani ne. Mutumin ya yi murmushi, ya kwantar da shi, ya kama kai ya murɗa. Isuhu ya tashi ya yi godiya. A bakin mota ya yanke jiki ya faɗi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye.

Bayan sati uku takardar sammaci ta same ni. Lajna ce ta hukumar lafiya, kwamitin da yake binciken irin wannan. Ofishin a Bagdadiyya yake, layi biyu da inda ɗakin Baba Garba yake a da, wanda yanzu ya zama wurin ajiye motoci. Na shiga na tarar da shugaban lajna a tsakiya, mai kairon da lauyansa a dama, a hagu kuma wata likitar jijiya, Dakta Maimuna. 'Yar mutanenmu ce, jikar Takari, na san kakarta. Ita ce a lokacin take kan gaba wajen cewa a hana murɗa wuya gaba ɗaya. A kan tebur ga zarena cikin 'yar leda, an yanke shi da almakashi.

Lauyan ne ya fara. Ya ce mara lafiya ya zo musu da alamar cewa wani mujabbir mara lasisi ya riga ya yi wasa da wuyansa, ga zare nan shaida, ɓarnar tun daga Bani Malik aka yi ta. Na rantse ban taɓa wuyansa ba. Wa zai ba ni shaida? Isuhu yana kwance ba ya iya haɗa kalma biyu. Shugaban lajna ya ɗaga ledar da yatsa biyu ya ce, “Ya ammi, wannan tamima ce? Laya kake ɗaura wa mutane?” Kun san abin da wannan tambaya take nufi a ƙasar nan. Tuhumar sihiri ce, hukuncinta har kisa. Na ce wallahil azim ko Bismillah ban tofa a kansa ba, zaren ɗinki ne. Ya ce to na mene ne?

Sai na faɗi abin da ba a taɓa faɗa a gaban wanda ba maɗori ba. Na ba su labarin kofi, da tabarma, da kujerar bakin ƙofa, da ƙulli uku. Dakta Maimuna tana ta rubutu, ina kaiwa kan ido sai ta ajiye alƙalami.

“Baba, maimaita. Wane idon?” Da Hausa ta yi tambayar.

“Na hagu, 'yata. Fatar ta sauko, baƙin ya tsuke.”

Ta juya ga shugaban da Larabci ta ce hoton da aka ɗauka ya nuna jijiyar hagu ce ta tsage, kuma alamun nan uku suna cikin littattafansu, kowace da sunanta. Ta ce tsohon nan ya gane ciwon kwana guda kafin kowa, da kofin ruwa. Kai, Fahad! A wannan minti na ɗauka Allah ya kawo ranar da za a san Baba Garba. Har na gyara zaman hulata.

Mai kairon ya tashi da fushi ya ce su ma an koya musu alamun a makaranta, shi ya sa suke da takardar tambayoyi, ga ta nan, mara lafiya ya sa hannu cewa ba ya jiri. Dakta ta ce mutumin da ba ya karatu? Ya ce wannan ba laifinsa ba ne, tsarin da hukuma ta amince da shi ya bi. Shugaban ya ce hukuma ba ta ce a daina duban mutum ba. Suka kaure, murya tana hawa, kusan rabin awa ana jifan juna da sunayen bincike da dokoki. Ni ina zaune da hannuwana a cinya. Da suka lafa, Dakta ta dube ni.

“Baba, ka gani daidai. Amma ka ga mutum yana bakin mutuwa, maimakon ka kira motar asibiti sai ka ɗaura masa zare. Wanda ya gani ya yi shiru da wanda bai duba ba, a wurina duk a rufe su.”

Na buɗe baki in ce haka muka gada, na ga ba wurin faɗar haka ba ne.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Ba a kama ni da laifin taɓa wuyan ba, maganar Dakta ta wanke ni daga wannan, an kuma yarda zaren ba laya ba ne. Amma ba ni da lasisi, kuma babu ƙofar da irina zai bi ya samu, don ba a ba da shahada a kan buhun dusa. Aka miƙo mini ta'ahhud, takardar alkawari: ba ɗori, ba tausa, ba zare. In na karya, ɗauri. Na sa hannu. Wurin kairon aka rufe shi 'yan makonni, aka ja wa mutumin kunne, suka sake buɗewa da takardar tambayoyi mai shafi biyu maimakon ɗaya. Rigimarsu kuwa tana nan har gobe. Na ga hoton zarena a jawwal sau biyu. Masu kairo sun sa shi suna cewa ga irin jahilcin da muke yaƙa. Masu sukarsu sun sa shi suna cewa ko tsoho mai zare ya fi ku lura. Babu wanda ya zo ya ce in nuna masa yadda ake miƙa kofin.

Mutane ba su daina ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Watan jiya wata mai tallar turare ta zo da hannu a kumbure, motar baladiyya mai kamen 'yan talla ta koro su, ita kuma ta faɗi a kan hannun. Daga nesa na san karaya ce, na san yadda zan ɗora ta cikin minti goma. Na ce ta je asibiti. Ta ce Baba ka san ba ni da takarda. Na ce na sani. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa, sannan ta tafi. Daga baya na ji wani yaro sa'anku ne ya ja mata hannun yana kallon jawwal.

Amma ba lajna ce ta karya ni ba, kada ku ɗauka haka. Bayan wata huɗu kafilin ya shirya mayar da Isuhu gida, Isuhu ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakin direba a ƙasan benen, a keken guragu, hannun a naɗe a cinya, jakarsa a ɗaure. Magana ta ɗan dawo, amma sai ka kasa kunne. Ya kama hannuna da mai lafiyar.

“Baba, sun yanke mini zaren. Ka ɗaura mini wani in tafi da shi.”

Na ce an hana ni.

“Ba wanda zai gani. Da ba don zarenka ba ai da na mutu. Wallahi da mutumin nan ya kama kaina na ji tsoro, na so in ce ya bari. Sai na dubi hannuna na ce Baba Sale ya ɗaure ni, babu abin da zai same ni. Shi ya sa na saki wuyan.”

Innalillahi. Na zauna a bakin gadonsa. Na ga in na bar shi ya tafi da wannan, na cuce shi sau biyu. Sai na gaya masa. Na ce Isuhu, zaren nan ba magani ba ne, ba tsari ba ne. Saƙo ne ga maɗora, ma'anarsa kada a taɓa wuyan nan, in an taɓa za a kashe mai shi. Ya daɗe yana kallona da idon nan da bai gama buɗewa ba.

“To wa zai gani ya gane?”

Na fara lissafo masa su. Bayamanen Bab Sharif ya rasu tun kafin a rushe layinsu. Babarbaren Karantina 'ya'yansa sun mayar da shi gida ya mutu a can. Babukharen Makka, ni na je jana'izarsa. Inna Hajo shekara tara ke nan da rasuwarta. Ina faɗa ina naɗe yatsu, yatsun suka tsaya. Ban taɓa zama na ƙirga su ba sai ranar, a gabansa. Duk faɗin Jidda, ranar da na ɗaura masa zaren nan, babu mai rai da zai gane shi sai ni da na ɗaura.

Isuhu ya saki hannuna. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya taɓa kunnensa da yatsa, ya ce a hankali, harshen yana ja:

“Ni kuwa ina da kunne, Baba. Da ka faɗa mini.”

Washegari aka sa shi a jirgi. Ban ƙara jin labarinsa ba, ban kuma nema ba, don ban san da wane baki zan gaishe shi ba. Baƙin cikin nan da shi nake kwana, da shi nake tashi, kuma da shi za a binne ni.

To ka ji, Fahad. Murɗawar da kuke so, ko biri aka nuna wa sau uku zai yi. Abin da ya ci mini shekara bakwai shi ne sanin wanda ba a murɗawa, shi kuma babu wanda zai tafa muku a kansa, ba za ku tsaya ba. Ni da na tsaya na koya ma ga inda na kai mutum. Ɗauki jawwal ɗinka. In za ka wuce, gwangwanin yana ƙarƙashin gado, ka kai wa uwarka. Ta ce tana neman jan zare za ta ɗinke bakin matashin kai.